Hular Bututun Gwaggo Ismenia

Antofagasta, 3 ga Mayu, 1993

'Yar'uwa Orfelina,

Hular bututun hayaƙin Gwaggo Ismenia ta bar Antofagasta jiya a motar kaya. Za ta sauka a Castro mako mai zuwa, da sunan mijinki Nolberto a jikin kwalin.

Na san za ki ce na fara da labari kafin gaisuwa. Aikin jarida ne ya ɓata ni, ki yi haƙuri. Ina gaishe ki, ina gaida Nolberto da yara. Ni lafiyata lau, in ban da bayan da kujerar ofis ta cinye. Ki gaida Gwaggo, ki ce mata tarin da kika ambata ya dame ni.

Tun da na karanta cewa guguwa ta ɗauke tsohuwar hular, ruwa yana bin bututu yana kashe mata wuta, hayaƙi kuma yana dawowa ɗakin girki, ban samu sukuni ba. A gindin murhun nan ta raine ni lokacin da mahaifiyata ta tafi aiki kudu. Ke da ni sai an zauna an jera kakanni kafin a gano inda muka haɗu, amma ke ce kike kula da ita, ni kuwa sai katin Kirsimeti. Ki bar mini wannan ɗaya in yi.

Kin ba da shawarar a sa maƙerin kwano na Castro ya yanka irin tsohuwar, mai kama da malafa. Na bincika, ban yarda ba. Irin wannan tana tare ruwan da ke saukowa tsaye, ruwan tsibirinmu kuwa a kwance yake zuwa. Akwai wata mai bututu biyu a gefe, amma tana da nauyi, kuma rufin Gwaggo ya tsufa. Wadda na zaɓa tana juyawa a kan ƙarfe, tana da wutsiya. Duk inda iska ta fito sai ta ba ta baya, ruwa ba ya shiga, iskar kanta ce ma take zuƙo hayaƙin waje.

Da na tambaya a shago a nan, mai shagon ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Yallaɓai, hular bututu? A garin nan? Rabona da ganin ruwan sama tun ina firamare." Sai daga Santiago aka kawo mini, na juya ta da hannuna kafin na aika.

Kin rubuta cewa, "Ko wace iri ce, muddin zan ga hayaƙi." To, ki kwantar da hankalinki. Hayaƙi zai fita.

Ɗan'uwanki,
Abelardo

Quehui, 24 ga Mayu

Ɗan jarida,

Gaisuwa da fatan alheri, ka ga yadda mutane suke fara wasiƙa. Muna lafiya. Nolberto ya murɗe yatsa wajen jan kwalekwale, amma bakinsa ƙalau. Tarin Gwaggo ya ragu sosai, kuma hularka ce ta yi wannan aikin, ba zan ɓoye maka ba.

Ta iso, Nolberto ya hau ya ɗaura ta ranar Asabar. Gwaggo ta fito da mayafinta ta tsaya a tsakar gida tana ba da umarni kamar ita ta ƙera ta.

"Nolberto, ka ɗaura ta a karkace."

"Gwaggo, juyawa take yi, haka aka yi ta."

"To ka ce mata ta tsaya in gan ta."

Da iska ta kaɗa ta juya mana baya, sai Gwaggo ta ce, "Ka ga halin mai ita. Kana magana yana kallon wani wuri." Amma da yamma na same ta a waje cikin yayyafi tana kallonta. Ta sa mata suna Zakara. Duk wanda ya zo wucewa sai an nuna masa Zakara, an gaya masa daga Santiago ta zo, yaron da ta raina ne ya aiko.

Wuta tana kamawa nan take, ɗaki fes, idonta ya daina ruwa. Ta yi mana wainar dankali ba tare da ta buɗe ƙofa ko sau ɗaya ba.

Abu ɗaya ne kawai. Ka san tun rasuwar mijinta Kawu Zoilo, da na tashi da safe kafin in ɗora ruwan zafi sai na leƙa taga, in duba ƙetaren mashigin ruwa, in ga hayaƙinta ya tashi sama da itatuwan da ya shuka don tare iska. In na gani, na san ta tashi. Yanzu ranar da iska ta fito daga kudu ina ganinsa sarai, yana tahowa wajenmu. Ranar iskar arewa kuwa ba na ganin komai. Ban sani ba ko haka abin yake.

Ka ci abinci, ka daina zama da yawa.

Orfelina

Antofagasta, 10 ga Yuni

'Yar'uwa,

Ina gaishe ku duka. Kin ga na koya.

Wasiƙarki ta faranta mini rai mako guda. Na karanta wa abokan aiki zancen Zakara, har editanmu da ba ya dariya ya yi.

Game da hayaƙin da ba kya gani: alama ce mai kyau. Takardar da ta zo da hular ta bayyana cewa idan bututu yana ja sosai, itace yana cinyewa tas, hayaƙin ya zama kaɗan kuma marar kauri. Iskar arewa ta fi ƙarfi, don haka ranar ne hular take aikinta fiye da kullum. Hayaƙi mai yawa wutar da ba ta ci da kyau ba ce. Kada ki damu.

Ki ce wa Gwaggo ina ƙoƙarin samun hutu a ƙarshen shekara.

Abelardo

Antofagasta, 9 ga Agusta

Orfelina,

Ina fata kowa lafiya. Wata biyu ke nan ban ji daga gare ki ba.

Na sake duba kwafin wasiƙata ta Yuni, na ga gajeriya ce, kuma ta yi kama da darasi. Idan abin da ya ɓata miki rai ke nan, ko ƙin shawararki ta maƙerin Castro, ki faɗa mini kai tsaye. Idan kuma jirgin wasiƙu ne ba ya ƙetarawa saboda sanyi, to ki manta da wannan sakin layin. Layi biyu ma sun ishe ni: lafiyar Gwaggo, da ko Zakara tana nan a kan rufi.

Abelardo

Castro, 16 ga Agusta

Abelardo,

Ina gaishe ka. Mu lafiya muke. Gwaggo ce ba lafiya. Tana asibiti a nan Castro, ta karye a ƙugu, an yi mata aiki, likita ya ce za ta taka amma da sanda. Ƙirjinta ma ya kamu da sanyi, shi ya fi tsorata mu, yanzu ya fara saki. Wasiƙarka ta ƙarshe Nolberto ya kawo mini nan jiya. Ba fushi nake ba. Sau biyu ina zuwa gidan waya in buga maka a ofis, in tsaya a gaban wayar in juyo.

Ranar Talata ta farkon watan nan ta tashi da safe za ta ɗebo itace a akwatin da ke bayan murhu, ƙafarta ta zame. Ba ta kai ga kunna wuta ba. Ta kasa tashi. Ta jawo buzun tunkiya daga kan benci ta rufa.

Ni kuma na leƙa taga kamar kullum. Babu hayaƙi. Iskar arewa ce, da ruwa. Na ce a raina, yau ranar Zakara ce. Tunkiyarmu ɗaya tana naƙuda, na tafi wajenta. Da rana na sake leƙawa, na sake faɗa wa kaina haka. Abelardo, da a bara ne, kafin ruwa ya tafasa ina cikin kwalekwale. Amma tun watan Mayu na saba da ganin babu komai, har babu komai ya daina ba ni tsoro.

Washegari iska ta kwanta. Sama ta yi tsit, hayaƙin kowane gida yana tashi tsaye, ban da nata. Ban tuna yadda muka ƙetara ba. Nolberto ya bangaje ƙofa. Tana kwance a ƙasa, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Kun makara. Ɗora ruwa."

Ba ta ƙara cewa komai a kan maganar ba, kuma wannan ya fi zagi zafi.

Ɗanta Baldomero ya zo daga Punta Arenas. Bai ɗaga murya ba. Ya hau tsibiri, ya shiga ɗakin girkina, ya tsaya a tagar ya daɗe, sannan ya ce da an sallame ta zai tafi da ita, a rufe gidan. Ya ce a gidansa akwai gas, akwai waya, akwai matarsa. Ya je asibiti ya faɗa mata. Gwaggo ta ce masa, "Gidan da wuta take fitowa daga bango? To wa zai san na tashi?" Ya ce, "Mama, a nan ma ba a sani ba."

Don Allah kada ka aiko da komai.

Orfelina

Antofagasta, 24 ga Agusta

'Yar'uwa Orfelina,

Na karanta. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo idan tana karɓar gaisuwata.

Zan jera abin yadda yake, domin ta haka kawai na iya. Kin gaya mini sharaɗinki tun kafin in sayi komai: muddin za ki ga hayaƙi. Na ɗauka salon magana ne. Kin sake gaya mini a watan Mayu, a fili, har da iskar da abin ke faruwa. Na amsa miki da takardar kamfani. Aikina a gidan jaridar nan shi ne in karanta abin da wasu suka rubuta in gano abin da suka tsallake, kuma ana cewa na iya. Ban da haka, ni ba baƙo ba ne. Ina yaro Gwaggo takan tura ni bakin ƙofa in dubo ko tsohuwa Doña Zulema ta hura wuta. Na san abin da hayaƙin safe yake nufi a Quehui. Ina zaɓar hula ina tunanin ruwa da iska da nauyin kwano, ban yi tunanin tagarki ba ko sau ɗaya.

Ke kin ga alama kin tambaya. Wanda kika tambaya ne ya ce kada ki damu. Don haka ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne.

Na rubuta wa Baldomero na gaya masa haka. Na roƙe shi kada ya yanke hukunci a kan gidan saboda kuskuren da za a iya kwancewa da sukurdireba. Nolberto ya cire hular ya jefa a teku, a sa maƙerin ya yanka irin tsohuwar, kamar yadda kika faɗa tun farko.

Kin ce kada in aiko da komai. Na fahimta. Idan wasiƙa ma tana ciki, wannan ce ta ƙarshe sai ranar da kika ce in rubuto.

Abelardo

Castro, 3 ga Satumba

Ɗan jarida,

Gaisuwa. Gwaggo ta fara takawa daga gado zuwa ƙofa, tana zagin sanda. Zazzaɓin ya tafi.

Kai dai ba ka iya karatu ba, ko da nawa ake biyanka. Na ce kada ka aiko da komai, wato kada wani kwali ya sake sauka da sunan Nolberto. Ban ce ka ɓace ba. Kuma kayan da ka ce in sauke, ka bar mini rabona. Ni ce na tsaya a taga.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, ni ma sai shekaranjiya na ji. A watan Yuni Nolberto ya je kai mata itace, ya ce mata ba na ganin hayaƙi ranar iskar arewa, ko ya sauke Zakara a mayar da irin ta da. Ta ce idan ya taɓa ta, sai ta karya masa sauran yatsun. Ta kuma hana shi gaya mini, wai zan rubuta maka ka ji kunya. Shi kuma sakaran ya yi shiru. Yanzu ba ya iya haɗa ido da ni, yana ta faskaren itacen da ba wanda ya sa shi.

Na karanta mata wasiƙarka, har wurin jefawa a teku. Ta ce, "Wa ya ba shi? Tawa ce." Na ce, "Gwaggo, ita ta kusa kashe ki." Ta ce, "Santsi ne ya kusa kashe ni. Shekara nawa ina kuka a kan tukunya ba don baƙin ciki ba, sai bana na ga fuskar girkina. Kuma yaron nan tun da ya tafi, abu ɗaya ya zauna ya yi tunanina a kai. Ba za a cire ba."

Baldomero ya sami wasiƙarka, ya ɗan sauko. Ya ce zai bar ta ta koma gida bisa sharaɗi ɗaya: shi da kansa ya tsaya a tagata ranar iskar arewa ya ga hayaƙi da idonsa. In bai gani ba, ya riga ya riƙe mata kujera a jirgi. Ita kuma ta ce idan aka cire Zakara gara ya tafi da ita, idan aka sare itacen Zoilo ko ɗaya don a ga hayaƙi gara a binne ta. Ka ga inda muke. Da hular ba za a ga hayaƙi ba, babu hular ba za ta koma ba.

Za a sallame ta kafin ƙarshen wata. Hutun Baldomero ma a lokacin zai ƙare. Ni dabarata ta ƙare. Kai da ka karanta takardun, ka karanta wannan.

Orfelina

Quehui, 22 ga Satumba

'Yar'uwa,

Iskar arewa ta taso da asuba. Na kunna murhun Gwaggo.

Ina kwana. Ina fata kin tashi lafiya, kuma Baldomero ya sami barci a kan bencinku. Zan ba Nolberto wannan idan ya ƙetaro da madara. Rubutawa nake yi domin ranar da na sauka daga jirgi kika rungume ni kika ce na rame, na nemi abin da na shirya faɗa tun daga Antofagasta na rasa.

Ga abin da aka yi, don ki iya ba Baldomero amsa idan ya tambaya. Ba a cire hular ba, ba a taɓa itace ba. Mun ƙara wa bututun tsawo da gaɓa biyu, har hular ta ɗan zarce kan itatuwan. Mun ɗaure shi da waya ta fuska uku, domin dogon bututu iska tana son kayar da shi. Nolberto ne ya hau, ni na riƙe tsani, ya ce iyakar abin da za a amince mini da shi ke nan. Hular za ta ci gaba da watsa hayaƙi kudu, nesa da ke, amma yanzu daga sama zai fara, inda itatuwan ba su rufe ba. A lissafi haka ne. A watan Mayu ma lissafina daidai ya fito, don haka kada ki ɗauki maganata.

Kwanakin nan da iska take kudu kin ga hayaƙi kin ɗaga mini zane, na gani, na ji daɗi, amma wannan bai tabbatar da komai ba. Ko da can kina gani da iskar kudu. Kuma wani abu: idan yau kin ga ɗan abu kamar hayaƙi kamar hazo, kada ki ce kin gani don ki taimake ni ko ita. Ki bar Baldomero ya fara magana. Na hura wutar da irin itacen da take hurawa, ban sa ɗanyen ganye don ya yi kauri ba, ko da yake hannuna ya kai ga tarin ganyen sau ɗaya. Idan sai an yi dabara ake gani, gara ta tafi Punta Arenas ta tsane mu tana da rai.

Na je wurinta a Castro ranar Lahadi. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Ka ci abinci?"

"Gwaggo, ina so in ce..."

"An ce ka ƙara wa Zakara wuya."

"Eh, Gwaggo."

"To ya zama agwagwa ke nan. Ka kula da tukunyata ta baƙin ƙarfe, kada ka sa mata sabulu."

Da zan fita ta kira ni ta ce in share wurin da ta kwanta, ba ta son ta dawo ta gan shi. Na share. Buzun yana kan benci. Akwatin itacen na matso da shi gefen kujerarta, inda ba sai ta sunkuya ba.

Na nemi ƙarin hutu zuwa ƙarshen Oktoba, an ba ni. Idan ta dawo nan zan zauna har ta saba da sanda. Idan kuma can ne, ni zan rufe gidan, bai kamata a bar miki wannan ba.

Ɗazu na fita waje cikin ruwa na ɗaga kai. Hular ta juya wa arewa baya, wayoyin sun riƙe, hayaƙi yana fita a kwance, kamar taƙi ɗaya sama da itace mafi tsawo. Daga nan haka na gani.

Daga tagarki, ban sani ba tukuna. Kwalekwalen Nolberto bai bar gaɓarku ba.

Abelardo